Kan 'Yar Tsanar Mama Ladi

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, maƙwabciyarmu a Takur, Mama Ladi, malamar zane 'yar Filato, ta kira ni bayan la'asar. Ta ɗora min 'yar tsanar yumɓu a tafin hannu, tana ƙamshin hayaƙi. Ni ce. Ta shafa wa fuskar jar ƙasa, ta rina kallabin da shuni, har wushiryata ta fitar, ina dariya.

Ƙawayena biyu na tsaye a bakin ƙofa suna kallo. Mun ji a Islamiyya cewa siffa mai kai gunki ce, amma in an cire kan, shi ke nan. Sai na ɓalle wuyan, kan ya faɗi ƙasa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa ta tsince shi, ta hure masa ƙasa, ta ƙulle a bakin zaninta.

"Ba don ki bauta masa na yi ba, 'yata. Dariyarki ce ta yi min kyau."

Ba a taɓa yi min hoto ina yarinya ba. Fuskata ta lokacin ita kaɗai ce, na kuma karya ta saboda yara biyu da yau ko sunansu ban tuna ba.