An Fitar da Trueno

Sau goma sha ɗaya Radhamés Peguero ya saka bidiyon nan a shirinsa na talabijin, mu kuma marasa kunya sau goma sha ɗaya muka kalla. Wata baƙuwa ce ta ɗauka da wayarta. Ga Wilkin, mai horar da dolfin a wurin wasan ruwa na garinmu, yana murmushi a tsakiyar tafki, sai Trueno, babban dolfin ɗin wurin, ya bangaje shi, ya cafki ƙafarsa ya yi ƙasa da shi. Daga nan ba a ganin komai sai kumfa da fiffiken baya mai giɓi biyu yana ta kewaya. Ko da aka ciro Wilkin, rai ya yi halinsa.

Radhamés irin mutumin nan ne da in ya ji an mutu har ƙiba yake yi. Tun ba a binne yaron ba ya cusa wa uwarsa makirufo a baki. Ya laƙaba wa Trueno suna Makashin Tafki, ya rantse a gaban duniya ba zai huta ba sai an fitar da la'anannen. A shagunan unguwa, in shirinsa ya fara, har masu buga domino ajiye wasa suke yi.

Kowa ya zaci za a sha daga da Don Fulgencio, mai wurin. Trueno ne ke tsallen da ke cika kujeru, shi kuwa Don Fulgencio ko ƙudan da ya sauka a farantinsa ba ya bari ya tashi da shinkafa. Amma a kwana na tara sai ga shi ya sallama salin-alin, har ya gayyaci Radhamés shi kaɗai ya ɗauki bidiyon fitarwar.

Aka ɗauko dabbar a majanyi, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle tun daga kai har wutsiya, wai saboda rana. Ko motsin kirki ba ta yi ba. Za a kai ta wani keji can nesa a bakin teku, inda babu mai sake ganinta.

Sai ga Doña Tomasina, wadda ta shekara ashirin da biyu tana yanka wa dolfin ɗin wurin kifi, ta biyo motar da bokiti tana yayyafa ruwa tana kuka kamar an ɗauke mata 'ya. Radhamés ya daki kafaɗar Eusebio, mai riƙe masa kyamara.

"Juya kyamara kanta! Jama'a, ku ga ikon Allah. An kashe ɗan mutane, ita makashin take yi wa kuka."

"Don Radhamés, don girman Allah kashe abin nan ka ba ni minti ɗaya," in ji ta.

"Je ki gaya wa kifinki, tsohuwar kawai."

Kafin ta sake buɗe baki masu gadi sun yi waje da ita. A ranar aka kore ta daga aiki. Da yamma fuskarta na kan kowace talabijin, kafin gari ya waye an zube mata kawunan kifi a ƙofar gida. Sau shida ta kira tashar, sau shida aka kashe mata waya. Duk wanda ta tara da magana a hanya sai ya tofar da yawu ya wuce. Ni ma, wallahi, na wuce ta.

Ranar Lahadi aka sake buɗe wurin, kujeru cike maƙil. Radhamés ya zo da farar riga da 'yarsa Yamilet, mai shekara bakwai. Zai nuna wa ƙasa kai tsaye cewa shi ya share wurin nan da bakinsa, don haka 'yar cikinsa ce za ta fara shiga ruwa. Za ta yi iyo da Lucero, tsohuwar dolfin mai sanyin hali wadda rabin yaran garin nan sun yi hoto da ita.

Can a bakin ƙofa Doña Tomasina na kokawa da masu gadi, ɗankwali ya faɗi, tana ihu iya ƙarfinta. Kiɗan merenge ya shanye muryar. Radhamés ya hango ta, ya ɗaga mata hannu da murmushin mugunta, mutane suka kwashe da dariya.

Aka buɗe ƙofar kejin da ke gefen tafkin. Lucero ta fito da gudu ta ƙarƙashin ruwa, ta cilla sama har ta kusa taɓa tuta.

"Kai! Tsohuwa ta sha magani!" wani ya faɗa, aka yi ta tafi.

Sabon mai horarwa, wanda aka ɗauko jiya-jiya daga wani gari, ya riƙe hannun Yamilet zuwa tsakiyar tafki, ya sake ta, ya ja da baya don kada ya tare hoto. Radhamés ya juya wa ruwan baya, ya fuskanci kyamara, ya gyara wuyan riga.

"Da a ce wurin nan bai gyaru ba, ni Radhamés zan saka 'yata a ciki?"

Eusebio ya zarce kafaɗar Radhamés da kyamara ya jawo hoton yarinyar kusa. Shi ya yanka ya haɗa bidiyon Wilkin don shirin, ya kalle shi ya fi sau ɗari, ya san kowane kumfa da ke ciki. Yanzu ya gane Lucero ce aka lulluɓe ranar nan, ita ce Doña Tomasina ke yi wa kuka.

Fiffiken da ke kewaya Yamilet giɓi biyu ne da shi.