Yatsan Tela

Ranar Talata, ana rana kamar ta fasa kai, tela ya rufe shago ya kai babansa asibitin unguwa gwajin ciwon suga. Shi kansa a gajiye yake. Dare zaryar banɗaki, rana ƙishirwa, kwalbar lemo ba ta barin hannunsa. Duk ya ɗora wa wahalar aiki laifin.

Da nas ta ɗauko allura, tsoho ya cusa hannu a aljihu.

"'Yata, lafiyata ƙalau. Yaron nan ne ke son liƙa mini ciwo."

"Haba Baba, ko cizon sauro bai kai ba. Duba ka gani." Tela ya miƙa nasa yatsan.

Nas ta huda, ta kalli na'urar gwajin, ta kalli kwalbar lemon da ke hannunsa. Kunya ta sa tsoho ya miƙa nasa.

"Baba, kai kam garau kake," in ji ta. Sai ta juyo ga tela. "Malam, ajiye lemon nan. Gobe ka dawo kafin ka karya."

Abin da tela ya rasa ranar: ɗinkin yini guda, ɗigon jini ɗaya, da rabin kwalbar lemo da Baba ya shanye a hanya.