Ajin da Aka Hana Littafi

Binciken digirin da Abdulhakim ke yi a wata firamare ta unguwar Sheshe ya raba yara gida biyu: aji ɗaya aka ba sabon littafin koyon karatu, ɗayan aka hana, domin a kwatanta. Ƙuri'a ta jefa Sa'ida, 'yar yayarsa, cikin waɗanda aka hana. Abin ya daɗe yana cin ransa.

Ranar nan ta tare shi a zaure, rungume da littafin.

"Kawu, ƙawata ce ta ara min. Duk ajinmu nake koya wa a ɓoye. Saurara ka ji."

Ta karance shafi babu gargada. Idan ajinta ya kamo wancan ajin a karatu, kwatancen ya ɓaci, digirinsa ya rushe.

Ya shafa kanta. "Madalla, 'yata. Kawo in adana miki."

Washegari ya miƙa wa hedimasta littafin, ya ce Sa'ida ce ta sace shi.