Fatar Akuya a Cikin Ƙahon Saje Dabo

Mannir mai gyaran babur a bakin tashar Kankiya yakan bugi ƙirji ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa kama shi dumu-dumu cikin tsiya ba. Shi ya zuba wa mai shayi gishiri a gwangwanin sukari, amma har yau aljanu ake zargi.

Babbar tsiyarshi kuwa a waya take. Yana da shafi a Fesbuk mai suna Malam Masani, inda yake shirga ƙarya da lafazin malamai. Wannan ko a majalisa bai taɓa faɗa ba. Ya tabbata ko matarshi Saudatu, mai sa mashi wayar a caji kullum, ba ta san da zancen ba.

Taubashinshi Saje Dabo tsohon ɗan badujala ne. Ya bar aiki ya dawo gida da wani jibgegen ƙahon tagulla mai murɗe-murɗe kamar hanji, wanda Turawa ke kira tuba. Dabo ya ishi majalisa da labarin ƙahon nan: wai babu komi a cikinshi sai iska, leɓen mai busa ke rawa ya ba da sauti, maɓallan kuma hanyar iskar suke ƙara wa tsawo.

Don ya ƙular da shi, Mannir ya rubuta a shafin cewa duk ƙarya ce. Wai can cikin murɗin akwai fatar ɗan akuya a ɗaure kamar ta kalangu, ita ke kuka. In ta bushe, sai a ɗura mata ruwan kanwa mai zafi da man shanu, a bari ya kwana.

Magana ta yi fiffike. Wani ya kwafa, wani ya karanta da murya ya watsa a Wasaf, har da ƙarin cewa likitocin Jamus sun tabbatar. Mannir ya yi dariya har da riƙe ciki.

Dariyar ta tsaya ranar da Dabo ya zo gareji rungume da ƙahon. Ya kafa baki ya hura. Sai wani fus, kamar tayar da ta sace.

"A waya aka kunna mani," in ji Dabo, idonshi a ƙasa. "Na ce halan ilimin zamani ya wuce namu. Na ɗura."

Ga bikin autarshi Hadijatu ya matso. Tun tana rarrafe ya yi wa marigayiya uwarta alkawarin da busar ƙahon nan zai raka ta ɗakin miji. Yau ga miji a Kusada, ga ƙaho ya mutu.

Mannir ya goge rubutun, amma ina, ruwa ya riga ya zube. Ya rufe gareji ya goya Dabo a babur. Suka je wurin maƙeri a Fakuwa, suka je wurin mai walda a Kusada. Dabo na ƙanƙame da ƙahon, ba ya bari kowa ya leƙa bakinshi. Kowane mai gyara sai ya dubi fuskar Dabo tukuna, sannan ya girgiza kai.

"Allah ya yi maka albarka, bawana," Dabo kan ce a hanya. "Da duk mutane irinka ne, da duniya ta zauna lafiya."

Kowace albarka sai Mannir ya ji ta kamar sukar ƙaya. A gida tuwo ya daina ciyuwa.

"Maigida, ko miyar ce?" in ji Saudatu.

"Ba miya ba ce. Ke ina koriyar atamfar nan mai ganyen rogo da na saya maki da Salla? Ita za ki ɗaura a bikin."

"Na ba da aron zanin," ta ce, ta ɗauke kwano.

Ranar ɗaurin aure ƙofar gidan Dabo ta cika, ga 'yan Kankiya ga baƙi daga Kusada. Ana shafa fatiha Dabo ya miƙe da ƙahon a kafaɗa.

"Jama'a, na karya alkawarin da na yi wa mamaciya, kuma ba laifina ba ne. Liman Shehu, tun da ga malamai a cike, ina roƙon a ja wa Malam Masani Yasin. Hannun da ya yi rubutun nan, kada ya ƙara riƙe komi."

Mannir ya dubi hannunshi na dama. Da shi yake riƙe sifana, da shi yake ci da iyali. Liman ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Ku dakata!" Mannir ya zabura, har hularshi ta faɗi. "Don girman Allah, Liman, kada a fara! Ni ne. Ni ne Malam Masani. Wallahi wasa nike, Saje, babu wata akuya, ni na ƙirƙira!"

Mannir ya dubi jama'a. Ya jira salati, bai ji ba. Maƙerin Fakuwa ya cusa fuska cikin rawani, kafaɗunshi na rawa. Mai shayi na murmushi har kunne.

"Bawana," in ji Dabo, "shekara da shekaru ina hura abin nan. In da akuya a ciki, ai da tuni na yi layya da ita."

Ya zura hannu cikin bakin ƙahon har kafaɗa, ya zaro wani dunƙulen tsumma ya yar. Ya kafa leɓe. Ƙahon ya yi wani ruri da ya tashi tantabarun unguwa, mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida.

Mannir ya sunkuya zai ɗauki hularshi. A gefenta tsumman ya warware a ƙasa: koriyar atamfa ce, mai ganyen rogo.