Baƙin da Ba a Kira Yasar Rijiya Ba

Shekara uku ke nan Maccido bai gane garinsu ba, alhali shi ne mai garin. Ƙaramin ƙauye ne tsakanin Aliero da Maiyama. Tun da Nasara suka ci Sakkwato samari suke ta sulalewa Jega, wasu dako, wasu fawa, wasu suka bi fatake har yau shiru. A lokaci guda kuma ga Arawa suna ta kwararowa daga ƙasar da Faransa ta kama, suna gudun aikin dole.

Maccido mutumin kirki ne, irin kirkin nan da ba ya tsayawa tunani. Duk wanda ya sauke kaya sai ya nuna masa fili ya ce a kafa bukka. In ya zauna a zaure mutane su yi ta gaishe shi da sunansa, yana amsawa da fara'a, sai sun wuce ya leƙa cikin gida ya tambayi matarsa Iyatu, "Wanga kuma ɗan wa na?"

Rijiya ɗaya ce a garin, kakansa ya haƙa ta lokacin da gidaje ba su kai ashirin ba. Yanzu mata sukan yi cincirindo a bakinta tun asuba har azahar, guga yana fitowa da laka.

Al'adarsu ita ce, in rani ya yi tsakiya mai gari ya bi gida-gida ya kira 'yan gari a yi yasa, wato a shiga rijiya a kwashe laka da yashi. Baƙo kuwa ba a kiransa, abin kunya ne a sa shi aiki. Sai dai ba wanda ya taɓa faɗin ranar da baƙo yake daina zama baƙo. Rani biyu suka wuce ba a yi yasa ba, don ba majiya ƙarfi.

Wata rana Iyatu ta dire tulu rabi, ta ce, "Malam, mutanen ga sun yi rumbuna, sun haihu nan. Har yanzu baƙi na?"

Maccido ya dafe kai. "To mi zan yi? Aikin dole sunka gudo ma, sannan in tura su cikin rami? In ban kira su ba kuma, wa ka shiga? Wallahi ban sani ba, Iyatu."

A rani na uku ya bi gidajen 'yan gari, ya tara tsofaffi bakwai. Saurayi ɗaya ne ya rage, Sahabi, ɗansa tilo, wanda ya ƙi tafiya Jega saboda mahaifinsa.

"Baba, ni ka shiga," in ji Sahabi. "Ku dai riƙe igiya da kyau."

Ranar yasa baƙin suka taru can nesa a gindin tsamiya suna kallo. Wani dogo a cikinsu ya tako sau biyu kamar zai yi magana, ya koma. Maccido ya gan shi, ya ɗauka ruwa yake jira.

Sahabi ya kwashe laka bai ga ruwan kirki ba, sai ya shiga saran gindin bango don ya faɗaɗa. Bangon gabas ya rufto. Tsofaffi suka ja igiya har tafinsu ya fashe, ko motsi ba ta yi ba. Sai a lokacin dogon nan ya sheƙo da gudu, ya ƙwala wa 'yan uwansa kira, ya sauka cikin rijiyar. Da la'asar suka fito da Sahabi, rai ya riga ya yi halinsa.

Bayan an dawo daga maƙabarta dogon ya durƙusa gaban Maccido yana hawaye.

"Mai gari, ka gahwarce ni. Haƙar rijiya ita ta sana'ar gidanmu. Tun bara na ga bangon ga ya zaizaye. Mu goma sha biyu na, da kun ce muna, da tuni mun haƙa sabuwa."

Maccido ya ce, "To mi ya hana ka hwaɗi?"

"Mu ma can ƙasarmu baƙo ba shi sa baki sai an kira shi. Shekara uku muna jiran kira."

Maccido ya dube shi. Da ƙyar ya iya cewa, "Wai mi as sunanka?"

"Tamu, ranka shi daɗe. Ni am maƙwabcinka na bayan dangarka."

Mai karatu, gari yana canjawa, wasu su tafi wasu su zo. Duk garin da bai san mutanen da suka shigo masa ba, bai kuma zauna da su an tsara ruwa da aiki tare ba, ranar da zai koyi sunansu tana iya zama ranar makoki.