Marinin da Ya Bar Raminsa Ya Mutu

Ranar da Mansura ta gaya wa kawunta Ilu cewa ta haƙura da rubutun da take yi a shafinta na intanet, don ta gaji da zuba magana babu mai ce mata ko sannu, bai yi mata faɗa ba. Ya dai gyara zama, ya ce ta ba shi aron kunnenta.

Ya ce an yi wani marini, gwani na gasken gaske, wanda in ya rina zane aka buge shi har ƙyalli yake yi. To ramin rini, in ba ki sani ba yau ki sani, ba rijiya ba ce da za ka rufe ka yi tafiyarka ka dawo ka tarar da ruwanka. Abu ne mai rai. In an zuba baba, wato ganyen da ke ba da shuɗi, da toka, kullum safiya sai an zura muciya an motsa shi har kumfa ta taso, ko da aiki ko babu. Ka yi masa sakaci, ya mutu. Ana nan sai kasuwa ta ja baya, atamfar kanti ta cika gari, masu kawo farin zane suka yi wuyar gani. Mutumin nan ya yi ta motsa rami yana zaman jiran wanda bai ce zai zo ba, har zuciyarsa ta karaya. Ya ce wai shi wa yake yi wa wannan wahala? Yau ya ce sai gobe, gobe ya ce sai jibi, muciya ta bushe a jingine. Amma don kada abokan sana'a su gane, kullum sai ya wanke ƙafa ya zo karofi, wato filin da ramukan marina suke, ya zauna bakin nasa, murfin kaba a kife, ana hira da shi kamar komai lafiya. Kin ji wautar.

Rannan da hantsi sai ga wani dattijo Ba'azbine, daga can wajen Agadas, da ƙunshin farin yadi a hammata. Ya wuce rami ya wuce rami, yana tambayar marinin nan da sunansa, har aka nuna masa shi. Bayan gaisuwa ya ce a rina masa, rawanin farko zai naɗa wa ɗansa da ya zama mutum, kuma motar da ta kawo shi ba za ta daɗe ba za ta juya. Abin da ya kamata shi ne marini ya faɗi gaskiya, ya nuna wa baƙo ramin maƙwabci. Ina! Ga idon jama'a a kansa, ga mutum ya keto daji saboda shi. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce an gama. Yana ɗaga murfi wari ya buge shi, ruwa ya kwanta lamo, babu kumfa ko ta magani. Ya fizgo muciya ya hau motsawa ba ji ba gani, ya watsa toka, yana ta addu'a a zuci, gumi na shiga masa ido. Ya tsoma yadi, ya murza, ya ɗago. Rinin kirki, in an ɗago zane yakan fito kore-kore, iska na taɓa shi ya juye shuɗi a gaban idonka. Ya riƙe shi sama yana jira. Iska ta taɓa, yadi bai juya ba, yana nan kamar an tsamo shi daga ruwan wanke-wanke. Ya sake tsomawa. Ya kuma sakewa. Kowa a karofi ya sunkuyar da kai yana yi kamar bai gani ba, alhali ko makaho ya ji warin.

Dattijon bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya kamo bakin rawanin da ke kansa, ya matso da shi kusa da fuskar marini. Ya ce, "Wannan rininka ne. Ban taɓa zuwa na yi maka godiya ba, fatake ke kai mana. Amma a garinmu duk wanda zai naɗa wa ɗansa rawani, aikin hannunka yake nema." Ya karɓi jiƙaƙƙen yadinsa ya matse, ya tsallaka rami na gaba, wajen wani da bai kai rabin gwanintar mutumin nan ba, sai dai shi raminsa na da rai.

Baƙin ciki ya turnuƙe marini, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe duk lokacin da yake zaune yana cewa babu mai kula da shi, can wasu da bai san fuskarsu ba suna yawo da aikinsa a ka. Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya nemo guga ya kwashe mataccen ruwan nan kaf, ya wanke rami, ya zuba sabon baba. Tun daga ranar, kowace safiya sai an ji muciyarsa, ko da mai kawo zane ko babu. Shi dai dattijon, marini bai sake ganinsa ba, rawanin yaron kuma ya tafi da sunan wani. Wanda zai zo bayansa, Allah ne ya san ranar, amma ba zai tarar da murfi a kife bisa wari ba. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.