Ƙasar Tukunyar Barkono

Tun shekarar da aka shimfiɗe Haɗeja da daɓe mai shan ruwa, ambaliya ba ta sake cin gida ba. Sharaɗin guda ne: ba a tona ƙasa.

Da hantsi Tabawa ta sauko daga bene da ƙwarya rufe da faifai. 'Yarta Kuluwa ta haifi namiji, ga mabiyiya tana jiran binnewa. Ta bi lungu-lungu tana danna daɓen da dunduniya ko za ta ji taushi. Ba ta jin komai sai ruwa na gudu a ƙarƙashi.

A gindin tsamiyar da ta rage a unguwar ta tarar da Sallau mai gadin itatuwa.

"Iya, kin san doka," in ji shi. "Rami ɗaya ya isa ya rusa layin nan. Ki kai asibiti, suna ƙonawa."

"Taka tana bayan ɗakin uwarka, ni na binne ta. Shi wannan in ya girma, ina zai ce garinsu?"

Sallau ya sunkuyar da kai, amma bai matsa ba.

Ta koma bene, ta tumɓuke barkonon da ke tukunya a bakin taga, ta binne mabiyiyar, ta mayar da shukar.

Kuluwa na kallo daga gado. "Inna, an ce baɗi za a tashe mu zuwa tudu."

Tabawa ta ɗaga tukunyar ta jinjina.

"Ba nauyi," ta ce. "Garinsu zai ɗauku a ka."